Yadda Ake Isa Shafin Saitin Modem Idan Akwai Rauta a Tsakani

Tambayar da ta fi yawan zuwa daga masu karatu, musamman masu sayar da tikitin Wi-Fi da masu shagunan kwamfuta, ita ce wannan: intanet yana gudu lafiya lau, amma da an rubuta 192.168.100.1 a burauza sai ta yi ta juyi, shafin modem ya ƙi buɗewa. Labarin kusan kowa ɗaya ne. Da can shafin yana buɗewa, sai aka sayo rauta ta biyu, MikroTik ko TP-Link, aka jona ta a bayan modem ɗin, daga ranar ba a sake ganin shafin ba. Tun da Starlink ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023 abin ya ƙara yawa, don da yawa daga masu sayar da tikiti MikroTik suke ɗorawa a bayan farantin, wato eriyar Starlink.

Sau da yawa modem ɗin lafiyarsa ƙalau. Hanya ce babu, kuma hanyar biyu ce: ta zuwa da ta dawowa. Mutane kan gyara ta zuwa su manta da ta dawowa, shi ya sa ake kwana a kan aikin da bai kai rabin awa ba.

Kayan aiki da kuɗi

Kana buƙatar kwamfuta mai ramin igiyar LAN, da igiyar ita kanta guda ɗaya mai lafiya, Cat5e ko Cat6, da sunan shiga da kalmar sirrin rautarka. Idan laftof ɗinka irin sirara ne marasa ramin, sai ka nemi adaftar da ke shiga USB. Banda waɗannan biyun babu abin saye. Farantin Starlink mai kusurwa huɗu na ƙarni na biyu shi ne ya bambanta, don rautarsa ba ta da ramin igiya sai an sayi adaftarsa daban. Na ƙarni na uku ya zo da ramuka biyu. Kada ka yi aikin da waya kaɗai. Kuma intanet zai ɗauke na 'yan mintuna a mataki na biyu, don haka ka zaɓi lokacin da kwastomomi ba su cika ba.

1. Tabbatar da adireshin modem ɗin

Juya modem ɗin ka karanta sitikar da ke ƙasansa, ka ɗauki hotonta da waya. A nan ake rubuta adireshi da sunan shiga da kalmar sirri. Akasari akwatunan faiba na Huawei da farantin Starlink suna kan 192.168.100.1, na faiba na ZTE kan 192.168.1.1, rautocin 4G da MiFi na Huawei kan 192.168.8.1, MiFi na ZTE kan 192.168.0.1. A cikin wannan jagora zan yi amfani da 192.168.100.1 a matsayin na modem, da 192.168.88.1 a matsayin na rauta, wanda MikroTik ke zuwa da shi daga kamfani. Ka musanya da naka duk inda ka gan su.

Gargaɗi: kada ka soka tsinke a ramin Reset don adireshin sitika bai buɗe ba. A akwatin faiba, wannan yana iya goge saitin da ma'aikacin kamfani ya saka ranar da ya jona maka layi, kuma ba za ka iya mayar da shi ba sai sun turo mutum. Wannan ne kuskuren da ya fi tsada a duk aikin.

2. Cire rautar, ka jona kwamfuta kai tsaye

Mutane ba sa son wannan mataki don yana ɗauke intanet, amma shi ne ke raba gardama. Zare igiyar da ta fito daga modem zuwa rauta, ka soka ta a kwamfuta. Kashe Wi-Fi na kwamfutar. A Windows danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, sannan ipconfig.

Idan ka ga adireshi mai fara da 169.254, modem ɗin bai ba kwamfutar adireshi ba. Ba lalacewa ba ce; haka modem ke yi idan an mayar da shi gada kawai, wato yanayin Bridge. Sai ka ba ta adireshi da hannu. Danna Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan Ethernet, zaɓi Properties, sannan Internet Protocol Version 4, sannan Use the following IP address. Cike haka:

IP address: 192.168.100.10
Subnet mask: 255.255.255.0
Default gateway: a bar shi babu komai

Yanzu koma tagar cmd ka rubuta ping 192.168.100.1, don ka ga ko modem zai amsa. Idan ka ga layuka masu fara da Reply from 192.168.100.1, buɗe burauza ka rubuta http://192.168.100.1. Ya buɗe? To, an wanke modem ɗin, laifin na rauta ne, ka wuce gaba. Idan bai amsa ba, sauya igiya, gwada wani ramin LAN na modem ɗin, duba ko fitilar ramin ta kama. Idan duk ramukan sun ƙi, ko dai an sauya adireshin ko kamfanin ya rufe shafin daga ɓangarensu, kuma babu saitin rauta da zai buɗe maka shi. Kira su.

Gargaɗi: da ka gama, mayar da kwamfutar kan Obtain an IP address automatically. In ka manta, za ka mayar da igiya cikin rauta ka ga babu intanet, ka fara zargin abin da bai yi laifi ba.

3. Duba ko adireshi sun yi karo

Mayar da igiyar modem a ramin WAN na rauta, wato ramin da intanet ke shigowa ta cikinsa, ka jona kwamfuta da rautar, ka sake ipconfig. Dubi Default Gateway. Idan lambobi uku na farko iri ɗaya ne da na modem, misali dukansu 192.168.1 ko dukansu 192.168.0, ka gano matsalar. Kwamfuta za ta ɗauka modem ɗin yana tare da ita a ciki, ba za ta miƙa wa rauta saƙon ta fitar da shi ba. Alamar da ta fi fitowa fili ita ce ka rubuta adireshin modem sai shafin rauta ya buɗe. Hakan yakan faru tsakanin TP-Link ko Tenda da MiFi na ZTE, haka ma tsakanin rautar Starlink, da ke kan 192.168.1.1, da duk wata rauta mai wannan adireshin.

Sauya na rauta, ka bar na modem. Shiga saitin LAN ka mayar da shi, misali, 192.168.50.1, ka tabbatar jerin adireshin da DHCP, wato tsarin da ke ba na'urori adireshi da kansa, ke rabawa ya bi shi, ka sake kunna rautar. Idan akwai firinta ko na'urar kyamarori da aka sa wa adireshi da hannu, su ma sai ka sauya musu, in ba haka ba su ɓace maka.

4. Gano inda saƙon yake tsayawa

Kafin ka taɓa komai a rauta, ajiye saitinta. A Winbox, manhajar saita MikroTik, buɗe New Terminal ka rubuta /export file=kafin-gyara, ka jawo fayil ɗin daga Files zuwa kwamfuta. Sannan danna Safe Mode da ke sama: idan ka yi kuskuren da ya yanke ka daga rautar, za ta warware abin da ka yi da kanta.

Daga kwamfuta rubuta tracert -d 192.168.100.1 ka karanta layukan a hankali. Layi na farko rautarka ce. Idan layi na biyu ya nuna wani adireshi mai fara da 10 ko da 100.64, daga nan sai taurari (*), saƙonka ya wuce modem ya fita zuwa na'urorin kamfani. Rautar ba ta san modem ɗin yana gefenta ba, sai ta jefa saƙon a babbar hanyar fita kamar kowane saƙo. Babu hanyar zuwa ke nan, mataki na biyar ne maganinka.

Idan kuwa bayan layin farko taurari ne kawai, yi gwaji na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne amfani. Daga cikin rautar kanta, a New Terminal ko a shafin Diagnostics, yi ping 192.168.100.1. Idan rauta tana samun amsa amma kwamfuta ba ta samu, hanyar zuwa tana nan, ta dawowa ce babu, ka tsallake zuwa mataki na shida. Idan ita ma rautar ba ta samu, mataki na biyar.

5. Buɗe hanyar zuwa

Abin da za ka yi ya danganta da yadda rautar ke samun intanet. Duba shafin WAN.

Idan DHCP ne kuma adireshin WAN ɗin gida ɗaya yake da modem, wato lambobi uku na farko iri ɗaya ne, misali 192.168.8.100 a bayan rautar 4G, hanya tana nan tuni. Ba abin da za ka ƙara a nan.

Idan PPPoE ne, wato rautarka ce ke riƙe da sunan shiga da kalmar sirrin kamfanin faiba, to a nan yawancin masu tambaya suke. Adireshin intanet yana kan layin PPPoE ne, shi kuwa ramin da igiya ta shiga ba shi da adireshi ko ɗaya, don haka ba shi da bakin yi wa modem magana. Sai ka ba shi adireshi daga gidan modem. A MikroTik:

/ip address add address=192.168.100.2/24 interface=ether1

Kula da abu biyu. A kan ether1, wato ramin da igiyar modem ta shiga, ake sawa, ba a kan pppoe-out1, wato layin PPPoE, ba. Kuma idan kamfanin yana amfani da VLAN, wato lambar da ke ware layi daban a cikin igiya ɗaya, nan ma a kan ether1 za ka fara sawa, ba a kan VLAN ɗin ba, don shafin modem galibi ba ya bin VLAN. Kada ka manta /24 ɗin ƙarshe. In ka bar shi, MikroTik za ta ɗauke shi /32, hanyar ba za ta samu ba, kuma ba za ta yi maka ƙorafi ba.

A rauta mai manhajar OpenWrt shiga Network, Interfaces, Add new interface. Sa masa suna modem, zaɓi Static address, a wurin Device zaɓi ramin WAN na zahiri, sa 192.168.100.2 da 255.255.255.0. A shafin Firewall Settings saka shi cikin wan. A TP-Link na jerin Archer, a shafin PPPoE akwai Secondary Connection. Zaɓi Static IP ka sa lambobin nan biyu.

Gargaɗi: duk inda aka tambaye ka gateway a wannan saitin, bar shi babu komai. In ka sa 192.168.100.1, rautar na iya tura duk zirga-zirgar gidan wurin modem da ba shi da hanyar fita, intanet ya ɗauke wa kowa.

Idan Starlink ne a yanayin Bypass, wato an dakatar da aikin rautar Starlink an bar wa taka, WAN ɗinka zai nuna adireshi tsakanin 100.64 da 100.127. Farantin yana aiko da hanyar zuwa 192.168.100.1 tare da adireshin da yake bayarwa. Wasu rautoci suna karɓa, wasu suna watsar da ita. Duba IP, Routes. In babu ita:

/ip route add dst-address=192.168.100.1/32 gateway=ether1

A ƙananan rautoci nemi Static Routing: Destination 192.168.100.0, Subnet mask 255.255.255.0, Interface WAN, Gateway 0.0.0.0. Idan ta ƙi karɓar sifirin, gwada gateway ɗin da shafin Status ya nuna wa WAN. A tuna, abin da za ka gani a burauza daga farantin kaɗan ne. Amfanin hanyar shi ne manhajar Starlink da ke wayarka ta iya karanta bayanan farantin kai tsaye, har a lokacin da intanet ya ɗauke. Kuma kada ka kashe Bypass don gwaji kawai, fita daga cikinsa sai an mayar da rautar Starlink yadda ta fito daga kamfani.

Bayan ka gama, sake ping daga cikin rauta. Leƙa IP, ARP: idan ka ga 192.168.100.1 a kan ether1 da lambar MAC a gefensa, sun ga juna.

6. Gina hanyar dawowa

Saƙon kwamfutarka yana isa modem ɗauke da adireshin 192.168.88.10, misali. Modem ɗin da aka mayar gada bai san wannan gidan ba, kuma ba shi da wanda zai tambaya. Kamar ka aika yaro da wasiƙa gidan da ba su san unguwarku ba: sun karɓa, sun karanta, amma ba su san inda za su kai amsa ba. Dabarar ita ce rauta ta cire adireshin kwamfuta ta manna nata, 192.168.100.2, wanda modem ya sani. Idan amsa ta dawo sai ta miƙa wa mai ita. Wannan shi ne NAT:

/ip firewall nat add chain=srcnat dst-address=192.168.100.1 out-interface=ether1 action=masquerade

Wani zai ce ai akwai masquerade a rautarsa tuni. Buɗe shi ka duba Out. Interface. Idan pppoe-out1 aka rubuta, bai shafi ether1 ba, ka ƙara na sama. Idan jerin WAN aka rubuta, shiga Interfaces, Interface List, ka tabbatar ether1 yana cikin jerin. Bayan ka ƙara dokar, yi ping daga kwamfuta kana kallon layinta a shafin NAT. Lambar Packets ta motsa? Dokar tana kamawa. Idan ta tsaya a sifiri, saƙon ba ya isowa gare ta: ko wata doka a samanta ta riga ta kama shi, sai ka jawo taka sama, ko an karkatar da shi tun kafin nan, wato mataki na gaba.

A OpenWrt ba sai ka yi komai ba, saka shi cikin wan ya wadatar, muddin Masquerading yana kunne.

Akwai gajeriyar hanya da wasu ke bi: su ja igiya ta biyu daga modem zuwa ramin LAN na rauta. Ban ba da shawararta ba. Idan DHCP na modem a kunne yake, na'urori biyu za su riƙa raba adireshi a gida ɗaya, wasu wayoyi su samu intanet wasu su rasa, gobe kuma abin ya juya.

7. Idan layinka biyu ne

Masu haɗa Starlink da layin 4G ko faiba a MikroTik ɗaya suna da nasu tarkon. Dokokin Mangle da ke raba kwastomomi tsakanin layukan suna yi wa saƙo alama tun yana shigowa, su tura shi teburin hanya na daban, inda ba a san modem ba. Alamarsa: wani lokaci shafin ya buɗe, wani lokaci ya ƙi, ko ya buɗe a waya ɗaya ya ƙi a wata. Keɓe adireshin modem daga rabon:

/ip firewall mangle add chain=prerouting dst-address=192.168.100.1 action=accept

Jawo wannan doka sama da duk masu mark, in ba haka ba ba ta da amfani. Yi wa kowane modem tasa. Idan modem biyun adireshinsu ɗaya, misali akwatin faiba na Huawei da farantin Starlink, sauya na faiban idan shafinsa ya ba ka dama, don na farantin ba ya sauyuwa. Leƙa Filter Rules da Raw ma: waɗanda suka kwafo saitin tsaro daga intanet sukan shigo da dokar da ke hana duk saƙo mai zuwa 192.168 fita ta WAN.

8. Ping yana amsawa amma shafi ya ƙi

Hanya ta gyaru, saura burauza. Rubuta adireshin cikakke da http:// a gaba, don burauza takan mayar da shi https ko ta ɗauke shi tambaya ta kai Google. In ya ƙi, gwada https://. Gargaɗin tsaro da zai fito ba komai ba ne a nan, danna Advanced ka wuce. Kashe VPN, a kwamfuta da waya. A waya kashe data ɗin layi ma, don idan ta ga Wi-Fi ba shi da intanet sai ta koma data ba tare da ta sanar da kai ba. Guji Opera Mini a yanayin rage cin data, tana bi da shafuka ta na'urorin kamfaninta ne, su kuwa ba za su taɓa ganin modem ɗin ɗakinka ba.

9. Abin da za ka karanta idan ya buɗe

A akwatin faiba nemi Optical Information ka duba Rx Optical Power, wato ƙarfin hasken da ke isowa akwatin. Yawancin akwatunan faiba irin GPON suna aiki tsakanin -8 da -27 dBm. Idan kana kusa da -27, ko fitilar LOS tana ƙiftawa da ja, matsalar igiyar faiba ce: ta lanƙwashe, ko kanta ya yi datti, ko ta tsinke a hanya. Ɗauki hoton lambar ka tura wa kamfani; ƙorafin da ya zo da lamba ya fi "intanet ba ya gudu" saurin samun amsa.

Gargaɗi: kada ka zare kan igiyar faiba ka leƙa cikinta. Hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa, amma yana iya yi masa illa.

A modem na 4G duba RSRP, wato ƙarfin sabis, da SINR, wato tsabtarsa daga hayaniya. RSRP na -80 zuwa -90 yana da kyau, daga -100 zuwa ƙasa ya yi rauni. SINR sama da 20 madalla, kusa da sifiri kuwa ko sandunan sabis sun cika ba za ka ji daɗinsa ba. Bar shafin a buɗe, ka matsar da modem ɗin kusa da taga ko ka juya eriya kaɗan-kaɗan, kana jira lambobin su zauna kafin ka sake motsawa.

10. Rufe ƙofar da ka buɗe

Hanyar da ka gina kowa na cikin gidan zai iya bi, har wanda ya sayi tikitin awa ɗaya. Kalmar sirrin modem da yawa kuma admin ce, ko wadda ke rubuce a sitika. Sauya ta yanzu. Sannan shiga IP, DHCP Server, Leases, nemo kwamfutarka, danna Make Static don adireshinta ya daina sauyawa. A ce 192.168.88.10 ne:

/ip firewall filter add chain=forward dst-address=192.168.100.1 src-address=!192.168.88.10 action=drop

Alamar motsin rai da ke gaban adireshin tana nufin kowa banda wannan. In ka manta ta, kanka kaɗai ka kulle ka bar wa kowa a buɗe. Jawo dokar sama da masu accept na forward. Idan kana son manhajar Starlink ta ci gaba da aiki a wayarka, ita ma ka yi mata Make Static, ka zuba adireshin biyun a Address Lists, ka yi amfani da src-address-list a maimakon src-address.

Gwada daga wayar da ke kan tikiti: kada shafin ya buɗe. Gwada daga kwamfutarka: ya buɗe. Sai ka sake danna Safe Mode don saitin ya zauna, ka kashe rautar ka kunna, ka maimaita gwajin biyun. Idan sun tsaya, rubuta /export file=bayan-gyara ka ajiye fayil ɗin kusa da na farko.